rEFInd: butlodan da ya raba ni da update-grub a kwamfuta mai Linux fiye da ɗaya

Duk wanda ya haɗa Linux biyu ko uku da Windows a kwamfuta ɗaya ya san wannan ciwon kan. Ka shiga distiro na biyu, wato ɗaya nau'in Linux ɗin, ka yi sabuntawa, sabon kenel, wato zuciyar sistem ɗin, ya sauka lafiya lau babu wani kuskure, ka kashe ka kunna, menu ya fito amma har yanzu tsohon kenel yake nuna maka kamar ba a yi komai ba, in kuma aka yi rashin sa'a an riga an share tsohon to sai dai ka ga baƙin allo da rubutun "you need to load the kernel first" kana kallonsa yana kallonka. Ina so in yi magana ne a kan rEFInd, wani butloda, wato manhajar da ke fito da menu ta tayar da sistem in an kunna kwamfuta, don ni dai shi ne abin da ya kashe min wannan matsalar daga tushe, amma fa sai na fara bayyana inda gizo ke saƙar tukun, in ba haka ba yabon da zan yi masa ba zai yi ma'ana ba.

GRUB, butlodan da yawancin distiro ke zuwa da shi, ba ya duba diski a lokacin da kwamfuta ke tashi don ya ga waɗanne kenel ne ke nan. Fayil yake karantawa, grub.cfg, wanda aka rubuta tun da farko aka ajiye a /boot/grub, kuma abin da ke rubuta fayil ɗin shi ne grub-mkconfig, wanda a Debian da Ubuntu aka lulluɓe shi da sunan update-grub. To a cikin distiro ɗaya abin yana tafiya da kansa, misali a Debian akwai ɗan sikirif a /etc/kernel/postinst.d mai suna zz-update-grub, duk lokacin da sabon kenel ya shigo shi zai tashi ya sake rubuta grub.cfg, kai ba ka ma san an yi ba. Wahalar tana farawa ne da zarar distiro sun zama biyu. Kowanne yana da nasa grub.cfg, kowanne yana sabunta nasa, amma guda ɗaya ne kawai kwamfuta ke karantawa in ta tashi, wato na wanda yake kan gaba a jerin UEFI, famwayar da ke fara tashi ta kira butloda. In GRUB ɗin Ubuntu ne a gaba ka je Fedora ka ɗora sabon kenel, Fedora ta gyara nata lissafin tsaf, Ubuntu kuwa ba ta da labari sam, sai ka koma cikinta ka buga update-grub da hannunka os-prober, ɗan shirin da ke nemo wa GRUB sauran sistem, ya zagaya ya gano abin da ya canza. Kuma Fedora kenel uku take ajiyewa a saitinta na asali, na huɗu na shigowa mafi tsufa zai fita, ka ga kenan in ka yi sakaci na wani lokaci layin da ke menu zai koma yana nuni ga fayil ɗin da babu shi.

Sannan shi kansa os-prober ɗin, tun GRUB 2.06 da ya fito a 2021 aka kashe shi a saitin asali saboda dalilin tsaro, don yana buɗe fatishan na wasu sistem da ikon root, wato cikakken iko a kan sistem, yana leƙawa. Wasu distiro sun mayar da shi, wasu sai ka shiga /etc/default/grub ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false da kanka. Ko yana aiki ma yakan sha wahala da distiro da ke zaune a cikin sabbolum na Btrfs, wato ƙananan sassan da wannan tsarin ajiye fayil ke yi a cikin fatishan, kuma ba kullum yake kwaso duk zaɓuɓɓukan da kenel ɗin wancan ke buƙata daidai ba.

Akwai dabarun da mutane ke yi, kuma ban raina su ba don suna aiki. Wasu su rubuta layi a 40_custom da ke nuni ga /vmlinuz da /initrd.img, waɗannan gajerun hanyoyin da Debian ke juyawa kullum su koma kan sabon kenel. Wasu su yi amfani da configfile, GRUB ɗin farko ya buɗo grub.cfg na distiro na biyu kai tsaye, wanda gaskiya dabara ce mai kyau sai dai Fedora tun fitowa ta 30 a 2019 ta koma tsarin BLS, kowane kenel da ɗan fayil ɗinsa a /boot/loader/entries, kuma ba kowane GRUB na wani distiro ne ke gane wannan ba. Wasu kuma su yi chainloader daga wannan GRUB zuwa wancan, ka wuce menu biyu kafin ka shiga. Arch ita nata da sauƙi don sunan kenel ɗin ba ya canzawa, vmlinuz-linux ne yau vmlinuz-linux ne gobe. Amma duk waɗannan kai ne za ka zauna ka ɗinka su ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da ka ƙara wani distiro ko ka sake ɗora wani sai ka koma ka warware.

To shi rEFInd ta wata hanya daban ya ɓullo wa abin. Roderick Smith ne ya fitar da shi a 2012, ya ɗauko shi daga rEFIt na Christoph Pfisterer wanda aka daina ci gaba da shi, kyauta ne kuma buɗaɗɗe. A wannan shekarar ce Linux 3.3 ya zo da abin da ake kira EFI stub, wato shi kenel ɗin da kansa ya zama fayil ɗin da UEFI za ta iya tayarwa ba sai da wani ɗan tsakiya ba. rEFInd sai ya hau kan wannan. Duk lokacin da ka kunna kwamfuta zai bi fatishan ɗin da zai iya karantawa, ya leƙa /boot da saman kowanne, duk fayil ɗin da ya ga sunansa ya fara da vmlinuz ko bzImage ya ɗauka, ya nemo initrd, ɗan fayil ɗin da ke taimaka wa kenel tashi, wanda lambarsa ta yi daidai da ta kenel ɗin ya haɗa su, ya jera maka a allo da tambarin kowane distiro. GRUB kamar mai karanto sunayen mutanen gida ne daga takardar da aka rubuta jiya, shi kuwa wannan ɗaki ɗaki yake bi yana ƙwanƙwasawa ya ga wa ke ciki yanzu. Babu fayil ɗin da za a sabunta balle a manta ba a sabunta ba. Wallahi ranar farko da na ɗora sabon kenel a distiro na biyu na yi ristat na ga ya fito da kansa ba tare da na taɓa komai ba, daɗin da na ji ba kaɗan ba ne, don abu ne da na daɗe ina ganin ai haka ya kamata a ce yana aiki tun asali.

Yadda yake iya karanta fatishan ɗin Linux kuwa, direbobi yake zuwa da su na kansa, na ext4 da Btrfs da wasu, karantawa kawai suke yi ba sa rubutu, don haka babu fargabar ya ɓata maka wani abu. Wannan ne ma babban bambancinsa da systemd-boot, shi ma wani butloda ne, a wajena. systemd-boot yana da sauƙi da tsabta, ina son sa a kwamfuta mai distiro ɗaya, amma yana so kenel da initrd su zauna a fatishan ɗin ESP, inda UEFI ke neman butloda, ko wani na musamman da aka ware masa, kuma in Windows ce ta fara zama a diskin yawanci ESP ɗin da take yankawa megabait 100 ne, ka zuba kenel na distiro uku da initrd ɗinsu a nan ka ga ko zai ɗauka. rEFInd yana barin kowane kenel a inda distiro ɗinsa ya ajiye shi.

Ɗora shi ba wani aiki ba ne. Yana cikin ma'ajiyar Debian da Ubuntu da Arch da Fedora, a Debian da Ubuntu lokacin sakawa zai tambaye ka ko ya kwafa kansa zuwa ESP, a Arch kuma ka buga refind-install bayan ka saka. Zai zauna a EFI/refind, ya saka direban da ya dace da fatishan ɗin da /boot ɗinka yake, ya yi rajistar kansa a UEFI a matsayin na farko. Ba ya goge GRUB, kuma ni shawarata kar ka goge, ka bar shi a gefe, in wani abu ya faru kana da ƙofa ta biyu. Abin lura ɗaya, direban distiro ɗin da ka ɗora shi daga ciki kawai yake sakawa, in ɗaya distiro ɗin nasa /boot a wani irin fatishan yake daban to sai ka kwafo direbansa zuwa foldar drivers_x64 da hannu, in ba haka ba ba zai gan shi ba ka yi ta mamaki.

Yanzu ga inda ya kamata mutum ya nutsu, don nan ne mafi yawan masu cewa sun gwada bai yi musu ba suke tuntuɓe. Gano kenel daban, sanin abin da za a faɗa wa kenel ɗin daban. Kenel yana buƙatar a gaya masa ina root yake, wato fatishan ɗin da sistem ɗin ke zaune a kai, wani lokacin da ƙarin bayani. rEFInd yana neman wannan a wani ɗan fayil mai suna refind_linux.conf da ke zama a folda ɗaya da kenel ɗin, kowane layi suna ne a hagu zaɓuɓɓuka a dama. In babu fayil ɗin yana ƙoƙari ya leƙa /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa fatishan ɗin sistem, ya ƙirƙiro da kansa, kuma in /boot da root a fatishan ɗaya suke yawanci ya wadatar, sistem zai tashi. Amma ɗauki Fedora, wadda tun fitowa ta 33 root ɗinta Btrfs ne kuma /boot a ware yake, a nan babu fstab a fatishan ɗin da kenel yake, kuma sai an faɗa masa rootflags=subvol=root, in ba a faɗa ba zai fara tashi ya maƙale a hanya. Maganin ba wuya, ka shiga distiro ɗin ta GRUB ɗinsa sau ɗaya, ka buga mkrlconf in akwai shi, ko ka duba /proc/cmdline ka kwafi abin da ke ciki ka rubuta fayil ɗin da kanka. Sau ɗaya ake yi wa kowane distiro, kuma abin da ya burge ni shi ne fayil ɗin bai ƙunshi lambar kenel ba, don haka kenel ɗari su zo su wuce shi yana nan yadda yake. Amma ka riƙe wannan: daga ranar, in ka canza wani zaɓi a /etc/default/grub ba zai shafi abin da rEFInd ke tayarwa ba, a refind_linux.conf za ka canza. Masu katin Nvidia da masu saita hibanet da resume= su kula da wannan sosai.

Masu Arch kuma akwai layin extra_kernel_version_strings a refind.conf, babban fayil ɗin saitin rEFInd, tunda sunayen kenel ɗinsu babu lamba a ciki, sai ka buɗe layin ka jera masa linux-lts da linux da sauran waɗanda kake da su don ya san wane initrd ne na wane kenel. In root ɗinka a sabbolum @ yake kuma /boot na cikinsa, ka ƙara @/boot a also_scan_dirs.

Fitowar farko menu ɗin a cike yake, wannan gaskiya ne kuma ba ya da kyan gani. Kowane distiro zai iya fitowa sau biyu, ɗaya ta grubx64.efi ɗinsa ɗaya ta kenel kai tsaye, ga na Windows, ga wasu kayan gyara a layin ƙasa. Ka kai kan wanda ba ka so ka danna Delete zai tambaye ka ya ɓoye shi, kuma ɓoyewa ce kawai ana iya dawo da shi, ko ka yi amfani da dont_scan_dirs da dont_scan_files in kana son abin a rubuce. Kenel da yawa na distiro ɗaya kuwa yana naɗe su a tambari ɗaya, mafi sabo a sama, in ka danna F2 ko Insert sauran su fito, ka sake dannawa ya ba ka damar gyara layin zaɓuɓɓuka na wannan tashin kaɗai. Wannan yana da amfani ranar da sabon kenel ya ƙi jituwa da wani direba kana son komawa na baya. Da lokacin da aka rubuta fayil yake gane wanne ne sabo ba da lamba ba, saboda haka in ka sake ɗora wani tsohon kenel zai iya hayewa sama, abu ne ƙarami amma gara ka sani.

Inda ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne Secure Boot, tsarin da ke hana UEFI tayar da abin da ba a sa masa hannu da makullin da ta yarda da shi ba. Yana aiki, amma ba a sauƙaƙe ba. Sai ka haɗa shi da shim, ɗan shirin da ke shiga tsakanin Secure Boot da butlodan Linux, ka yi rajistar makullinsa ta MokManager, wannan shuɗin allon da ke fitowa lokacin tashi, kuma ko ka gama wannan akwai sauran aiki, don shim ɗin distiro ɗaya makullin wannan distiro ɗin ya sani, kenel ɗin ɗaya distiro ɗin da wani makulli aka sa masa hannu, sai ka shigar da shi ma a MOK, jerin makullan da MokManager ke ajiyewa, kafin ya yarda ya tashi. rEFInd yana zuwa da foldar makullan wasu manyan distiro don wannan, an gode, amma ga wanda bai saba ba abin yana da ruɗani, kuma a nan GRUB ɗin da distiro ya zo da shi ya fi shi nesa ba kusa ba tunda shi a shirye yake zuwa. Arch kuma kenel ɗinta ba a sa masa hannu ba, kai za ka sa. In ba za ka iya kashe Secure Boot ba, misali kwamfutar wurin aiki ce, ka karanta bayanin sosai kafin ka fara. Kuma in Windows ɗinka na da BitLocker, abin da ke kulle diskinta, ka tabbata makullin farfaɗowa yana hannunka a wani wuri daban kafin ka taɓa komai na tashi, canza butloda ko saitin Secure Boot na iya sa ta nemi shi.

Na biyu, ba ya iya buɗe LUKS, tsarin kulle diski na Linux, kuma ba ya karanta LVM, tsarin haɗawa da rarraba fatishan. In /boot ɗinka na cikin fatishan da aka kulle ko cikin LVM ba zai ga kenel ɗin ba ko kaɗan, sai dai ya miƙa ka ga GRUB. In root ne kawai a kulle /boot na waje to babu matsala, initrd ne zai tambaye ka fasuwod kamar kullum. Direban XFS, wani tsarin ajiye fayil, shi ma ba ya cikin direbobin da yake zuwa da su, sai an nemo daga wani wuri. Masu son tashi daga sinafshot na Btrfs kuma, wato hoton yadda sistem yake da aka ajiye a baya, irin abin da grub-btrfs ke yi ko wanda openSUSE ke bayarwa, ba za su samu wannan a nan a shirye ba. Kuma duk wannan magana ta UEFI ce, tsohuwar kwamfuta mai BIOS zalla ba ta ciki.

Akwai matsala ɗaya da bai kashe ba don ba a hannunsa take ba, wato ƙwace gaba. Wani lokacin in distiro ya sabunta fakitin GRUB ko shim ɗinsa, ko aka yi wata babbar sabuntawa a wani sistem ɗin, ko aka sabunta famwayar kwamfutar, sai ka kunna ka ga wani ne ya fito ba rEFInd ba, an canza jerin da ke NVRAM, inda UEFI ke ajiye saitinta. Ba a goge shi ba, an dai tura shi baya ne. Gyaran minti ɗaya ne, efibootmgr zai nuna maka jerin da lambobinsu ka mayar da shi gaba da -o, ko ka buga refind-mkdefault wanda aka yi shi musamman don wannan, wasu ma suna sa shi ya riƙa gudana da kansa duk tashi ko duk kashewa. Ko kuma ka shiga saitin UEFI ka ja shi sama. Amma ka ga bambancin, wannan abu ne na jefi-jefi, ba kamar sabon kenel ba da a wasu distiro kusan kowane mako sai ya zo.

Saurin tashi fa? Yana ɗan tsayawa kafin menu ya fito tunda dubawa yake yi, in diski da fatishan sun yi yawa za ka lura, musamman in akwai tsohon diski mai juyawa a ciki. Ana rage wannan da dont_scan_volumes a cire waɗanda babu sistem a kansu, da kuma cire direbobin da ba ka buƙata. A SSD ni ban ga abin damuwa ba. Bayanan da mai shi ya rubuta a shafinsa kuwa suna da yawa ƙwarai, dogaye ne sai ka yi haƙuri, amma kusan duk tambayar da za ka yi an amsa ta a ciki, shi kansa refind.conf ɗin cike yake da bayani a kan kowane layi. Abin da nake so mutum ya sa a ransa shi ne aikin kusan na mutum ɗaya ne, sabon fitowa yakan ɗau lokaci, ba kamar GRUB da manyan distiro ke tsaye a kansa ba.

In distiro ɗaya gare ka da Windows, GRUB ɗinka na sabunta kansa kuma layin Windows ba ya canzawa, zauna abinka ba ka da buƙatar wannan. In diskinka gaba ɗaya a kulle yake har /boot, ko rayuwarka ta dogara da sinafshot, shi ma GRUB ya fi maka. Amma in kai ne mai Linux biyu uku a kwamfuta ɗaya, kana yawan gwada sabon distiro kana gogewa, to ka gwada shi, kuma ba sai ka taɓa diskinka ba ma, akwai hotonsa na filash a shafin saukarwa, ka rubuta a filash ka tashi daga shi ka ga me zai gano a kwamfutarka. In duk distiro ɗinka sun fito kuma sun tashi sai ka ɗora shi na dindindin, wanda ya maƙale kuma ka fara duba refind_linux.conf ɗinsa da direban fatishan ɗinsa.